Gashin Majinyaci da Asusun Jama'a

A watan Disamba na shekarar 2024 Gwamnar Jihar Niyok ta ƙasar Amurka, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan wata doka wadda ta soma aiki ran 1 ga Janairu, 2026. Dokar ta wajabta wa kamfanonin inshorar lafiya masu kula da manyan rukunonin ma'aikata su biya kuɗin wata na'ura mai sanyaya fatar kai, wadda take taimakon masu ciwon sankara kada gashinsu ya zube sa'ad da ake yi musu magani. Niyok ce jiha ta fari a Amurka da ta kafa irin wannan doka. Wanda ya ji labarin a gurguje yana iya yin murmushi ya ce, ashe har gashi ma sai an yi masa doka? Amma in muka zauna muka auna, za mu tarar da tambaya mai nauyi a ƙarƙashin zancen, tambayar da ta shafi kowace al'umma da take tara kuɗi wuri guda domin jinyar 'ya'yanta. Tambayar kuwa ita ce: ko daidai ne a tilasta wa jama'a duka su ɗauki nauyin abin da ba ya warkar da cuta, ba ya kuwa ƙara wa majinyaci ko da kwana ɗaya, sai dai ya tsare masa kamanninsa?

Yadda abin yake

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da muke magana a kai. Sankara cuta ce ta ƙwayoyin jiki waɗanda suke hayayyafa ba kan gado. Magungunan da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya, waɗanda ake kira kemo a asibiti, an yi su domin su kashe ƙwayoyi masu saurin hayayyafa. Amma maganin ba ya rarrabe na gida da baƙo. A jikin mutum akwai lafiyayyun ƙwayoyi masu saurin hayayyafa su ma, watau na ɓargo, da na cikin baki da hanji, da na saiwar gashi. Shi ya sa mako biyu ko uku bayan ɗurin fari, majinyaciya takan tashi da safe ta tarar da gashinta a kan matashi, ta sa mataji ya fito da shi dami-dami. Galibi gashin yakan dawo bayan an gama magani da 'yan watanni, ko da yake akwai waɗanda nasu ba ya komawa yadda yake a dā.

Hular sanyi dabara ce mai sauƙin ganewa. Ana sa wa majinyaci hula wadda ruwa mai tsananin sanyi yake zagayawa a cikinta, tun kamar rabin sa'a kafin a soma ɗurin magani, da dukan lokacin ɗurin, har da wani lokaci bayan an gama. Sanyin yakan tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fatar kai, sai maganin da yake isa saiwar gashi ya ragu. Yakan kuma rage hanzarin ƙwayoyin saiwar, har dafin ya wuce bai yi musu ɓarna mai yawa ba. Ɗaya daga cikin sanannun na'urorin, mai suna Paxman, ta fito daga garin Huddersfield na Ingila, daga hannun wani iyali da sana'arsu ita ce ƙera injinan sanyaya abin sha. Uwargidan ce ta kamu da sankarar mama, gashinta ya zube, maigidan kuwa ya juya sanin sana'arsa ga wannan matsala. Ɗayar, mai suna DigniCap, daga ƙasar Suwidin take. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da DigniCap a 2015, ta yarda da Paxman a 2017.

A watan Fabrairu na 2017 mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga sakamakon bincike guda biyu a kan mata masu sankarar mama. A ɗaya, kusan kashi 66 cikin ɗari na waɗanda suka sa hular sun tsira da rabin gashinsu ko fiye. A ɗayan kuma, kusan rabin matan ne suka tsira da gashinsu. Cikin waɗanda ba su sa hular ba kuwa, a bincike biyun, babu ko mace ɗaya da ta tsira da nata. Hular takan kawo ciwon kai da rawar ɗari, ba a kuma yin amfani da ita ga masu sankarar jini. Kuɗinta a Amurka yakan kama daga dala 1,500 zuwa 3,000, wani lokaci ma fiye, kafin a gama magani. Shekara da shekaru kamfanonin inshora da yawa suna ƙin biya, suna cewa wannan kwalliya ce. Saboda haka mai hali ta saya, marar hali ta ɗaura ɗankwali ta yi haƙuri.

Kuɗin wa ake rabawa?

Inshora tana kama da gayya. Mutane masu yawa suna zuba kaɗan-kaɗan sa'ad da suke lafiya, domin wanda ciwo ya kayar ya sami abin jinya. Ta bambanta da adashi, gama a adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa, a inshora kuwa addu'ar kowa ita ce kada ranar kwasarsa ta zo. Tun da yake haka ne, duk abin da doka ta ce asusun ya biya, daga zubin jama'a zai fito, har da zubin direba, da mai shara, da malamar makaranta. Majalisa ba ta haƙo kuɗi daga ƙasa sa'ad da ta kafa doka. Nauyi take ɗagawa daga kafaɗar mutum ɗaya ta rarraba shi a kan kafaɗun dubbai.

Masanan dā, tun daga Aristotil har zuwa Toma Akwinas a ƙarni na 13, sun raba adalci iri biyu. Akwai adalcin ciniki tsakanin mutum da mutum, watau in ka karɓi kuɗi ka ba da abin da aka saya. Akwai kuma adalcin rabo, watau yadda al'umma take raba alherinta da nauyinta tsakanin 'ya'yanta. Zancen hular sanyi ya taɓa duka biyun. Ta fuskar ciniki muna tambaya, mene ne ainihin abin da majinyaciya ta saya sa'ad da ta yi shekaru tana zubi? Ta fuskar rabo kuma muna tambaya, ko ya dace a ɗora wa kowa ɗan ƙarin nauyi saboda wannan bukata?

Hujjar masu ƙi

Kada mu ɗauka cewa duk wanda ya ƙi irin wannan doka mai taurin zuciya ne. Suna da hujjoji waɗanda suka cancanci a saurare su. Ta fari, asusu yana da iyaka. Dalar da aka kashe a kan gashi, ba za a kashe ta a kan gwajin da yake gano sankara tun tana ƙarama ba, gwajin da yake ceton rai. Ta biyu, dokokin wajabci sukan taru. Yau hula, gobe wani abu, kowanne ƙarami ne shi kaɗai, amma da ɗaya-ɗaya ake cika kwando. In kuɗin zubi ya hau, talaka ne yake fara ficewa daga asusun, sai ya zama an tsare gashin wata an bar wani ba shi da ko kuɗin allura. Ta uku, hular ba ta yi wa kowa aiki. A binciken da muka ambata, ta yi nasara ga fiye da rabin waɗanda aka ba su magungunan dangin taksan, amma ga waɗanda aka ba su dangin antarasaikilin ko kashi ɗaya cikin biyar ba ta kai ba. Ta huɗu, suna cewa a bar kowa da 'yancinsa: wanda yake so ya sayi inshora mai hula ya ƙara kuɗi, wanda ba ya so kada a tilasta masa.

A ƙarƙashin waɗannan duka akwai wani tunani da ba a cika faɗinsa a fili ba, watau cewa wadda ake ƙoƙarin ceton ranta bai kamata ta damu da gashi ba. Rai ne babba, in ji su, gashi kuwa ai tsiro ne, zai fito.

Abin da yake zubewa tare da gashi

A nan ne muke ganin masu wannan tunani sun yi gaggawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mata da yawa da suka bi ta wannan hanya sun shaida wa likitoci cewa zubewar gashi tana cikin abubuwa mafi zafi a dukan jinyar, har akwai waɗanda suke jinkirta magani ko su ƙi shi ɗungum saboda tsoronta. In kuwa tsoron sanƙo yana iya hana mace karɓar maganin da zai cece ta, to, zancen gashi ya riga ya shiga zancen rai.

Amma ko ga wadda ba za ta ƙi magani ba, mu duba abin da take rasawa. Abu na fari shi ne sirri. Mai hawan jini yana da ikon zaɓen wanda zai gaya wa ciwonsa, mai ciwon sukari ma haka. Wadda gashinta da girarta suka zube kuwa, an ƙwace mata wannan iko. Jikinta yana shelar ciwonta a kasuwa da wurin aiki da ƙofar makarantar 'ya'yanta, ko tana so ko ba ta so. Uwar da take so ta bayyana wa yaronta mai shekara biyar a hankali, da kalmomin da ta zaɓa, sai madubi ya riga ta. Ma'aikaciyar da take iya aikinta sarai, sai shugabanta ya soma kallonta kamar wadda take bankwana. Abu na biyu shi ne sanin kai. Mutum ba ruhu ba ne da ya yi haya a cikin jiki kamar baƙo a masauki. Jiki da rai mutum ɗaya ne, abin da ya taɓa fuska kuwa ya taɓa mai fuskar. Wadda ta dubi madubi ba ta gane kanta ba, a lokacin da take bukatar dukan ƙarfin zuciyarta domin ta jure wata shida na magani, an rage mata makami a tsakiyar yaƙi.

Sa'an nan akwai wata hujja wadda a ganinmu ta fi sauran ƙarfi. Galibi ba sankarar ce take zubar da gashin ba, maganin ne. Rauni ne da hannun mai jinya ya yi, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi shi, ba kuwa da wata mafita ba. Wanda ya yi rauni domin ya warkar, wajibi ne a kansa ya rage raunin iyakar iyawarsa. Mun riga mun yarda da wannan a wasu wurare ba tare da gardama ba. Maganin hana amai da ake ba mai karɓar kemo ba ya kashe ƙwayar sankara ko ɗaya, duk da haka ba wanda yake kiransa kwalliya. Likitan da ya yi fiɗa yakan ɗinke wurin da kyau domin tabo ya ragu, ba mu taɓa jin an ce majinyaci ya biya kuɗin ɗinki mai kyau daga aljihunsa ba. Amurka kanta ta bi wannan hanya a 1998, sa'ad da ta kafa dokar tarayya wadda ta ce inshorar da ta biya kuɗin yanke mama saboda sankara, dole ta biya kuɗin sāke gina shi. Kwalliya ita ce ƙara wa lafiyayyen jiki abin da ba shi da shi. Tsare wa majinyaci abin da yake nasa, wanda magani yake shirin ƙwacewa, wannan sashe ne na jinyar kanta. Kamfanin da ya karɓi zubi da alkawarin jinya, ya kuwa san cewa jinyar sankara takan zo da wannan rauni, ba shi da bakin cewa raunin ba ruwansa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Don me sai da doka?

Saura hujjar 'yanci. Me ya sa ba za a bar kasuwa ta daidaita abin ba? Amsar tana cikin yanayin inshora. Lafiyayye ba ya tunanin hular sanyi ranar da yake zaɓen inshora, yawancin ma'aikata ma ba su ne suke zaɓa ba, masu ɗaukarsu aiki ne. Wadda ta san tana bukatar hular ita ce wadda ciwo ya riga ya kama, a lokacin kuwa ba sauran zaɓi. Kamfanin da ya ce shi kaɗai zai biya, yana tsoron masu ciwo su taru a wurinsa, abokan gasarsa su kwashe lafiyayyu. Saboda haka kowa yana jiran wani ya fara. Doka takan ɗora nauyin a kan kowa lokaci guda, domin kada mai kirki ya yi hasara saboda kirkinsa.

Nauyin kuwa, in aka rarraba shi, ba shi da yawa, gama masu bukatar hular kaɗan ne cikin masu zubi. Mu ɗauki misali kawai domin lissafi: in asusu yana da mutum 10,000, goma daga cikinsu suka bukaci hular a shekara, kowace a kan dala 2,000, jimla dala 20,000 ke nan, watau dala biyu a kan kowane mai zubi. Abin da yake dutse a kan mace ɗaya ya zama tsakuwa a hannun jama'a. Gaskiya ne akwai ƙungiyoyin agaji a Amurka da suke taimakon marasa hali su sami hular, aikinsu kuwa abin yabo ne. Amma sadaka takan kai ga wanda ya ji labarinta, wanda ya iya cika takarda, wanda bai ji kunyar roƙo ba. Abin da ya zama hakki bai kamata a mai da shi bara ba. Paparoma Yohanna na 23, cikin wasiƙarsa ta 1963 a kan salama a duniya, ya lissafta kulawar likita cikin hakkokin ɗan adam, a jere ɗaya da abinci da sutura da wurin kwana.

Iyakar wannan hukunci

Mun karkata ga cewa dokar tana da hujja, amma da sharuɗɗa, gama masu ƙi ba su yi kuskure a kome da kome ba.

Sharaɗi na fari shi ne tsari. Abin da yake ceton rai yana gaba da abin da yake sauƙaƙa jinya. Al'ummar da ta riga ta biya kuɗin gwaji da fiɗa da kemo, tana da hujjar ƙara hula. A Ingila asibitocin gwamnati da yawa suna ba da ita kyauta. Al'ummar da ba ta kai ga biyan kemo ba tukuna, in ta fara da hula ta gina rufi kafin bango.

Na biyu shi ne gaskiya. Dole a gaya wa majinyaciya, bisa ga irin maganin da za a ba ta, yawan begen da ya dace ta sa a hular, kada a sayar mata da mafarki da kuɗin jama'a. A nan akwai wani abu da ya shafi masu irin gashinmu. Wani ƙaramin bincike da aka yi a birnin Washintan a kan baƙaƙen mata, wanda aka buga a 2021, an tsai da shi tun bai ƙare ba, gama cikin mata 15 ɗaya ce kaɗai hular ta yi wa aiki. Ana zaton gashi mai kauri da nannaɗewa yana hana sanyin isa fata sosai. Mutum 15 ba su isa a yanke hukunci na ƙarshe ba, amma sun isa su tashe mu. In kowa yana zubi, amfanin kuwa ya fi zuwa ga masu gashi iri ɗaya, adalcin rabo bai cika ba sai an yi bincike an gyara na'urar domin ta dace da kowane kai.

Na uku, kada doka ta sa a manta da waɗanda ba ta kai gare su ba. Dokar Niyok ta shafi inshorar manyan rukunoni ne. Manyan kamfanonin da suke biyan jinyar ma'aikatansu daga aljihunsu suna ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974, dokokin jiha irin wannan ba sa hawa kansu. Wanda ba shi da inshora sam kuwa, ba hula, ba kemo sai da wahala. Doka mai kyau tana iya ƙara wa mai ɗan abu, ta wuce marar kome a bakin hanya.

Na huɗu, kada mu mai da gashi ma'aunin mutunci. Akwai matan da suke zaɓen su aske kansu tun kafin magani ya aske su, su fita haka ba tare da kunya ba. Akwai waɗanda suka gwada hular suka kasa jure sanyinta. Darajarsu ba ta ragu da ko sili ɗaya ba. Hular tana ba majinyaciya zaɓi ne, zaɓin kuwa nata ne.

Abin da ya rage a hannunmu

Mai karatu yana iya cewa wannan gardamar masu ƙoshi ce, mu da muke ganin iyalai suna sayar da gona da awaki domin ɗurin kemo guda. Gaskiya ne, kuma bisa ga tsarin da muka ambata, abin da ya kamata mu fara nema shi ne maganin kansa. Amma a shekarar 2022 Nijeriya ta kafa dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, duk inda aka kafa asusu kuwa, wata rana za a zauna a rubuta abin da zai biya da abin da ba zai biya ba. Ranar nan tambayar Niyok za ta zo mana da wata riga: ƙafar roba ga wanda aka yanke, maganin zafi ga wanda ba zai warke ba, gyaran fuskar wanda wuta ta ƙone. Waɗannan duka ba sa ƙara kwana, amma suna cikin jinya. Gara mu koyi yin tunani a kansu tun yanzu.

Akwai kuma sashen da ba ya jiran majalisa. Babban rabo na zafin zubewar gashi daga idanun mutane yake fitowa, daga kallo, da raɗa, da tambayar da ba ta da amfani, da masu cewa jifa ne ko alhaki. Na'ura tana sanyaya fatar kai, amma ba ta iya sanyaya harshen maƙwabta. In 'yar'uwa ta zo taro da ɗankwali a ɗaure har gira, mu gaishe ta kamar kullum, mu matsa mata wurin zama, mu bar ta ta faɗi abin da take so ta faɗa a lokacin da ta ga dama. In ta ba mu sirrinta mu riƙe. In ranar asibiti ta zo, a sami mai raka ta, a sami mai dafa wa yaranta. Wannan ma asusu ne, kowa kuwa yana da abin zubawa a ciki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya ba masu kafa doka hikimar rabo da adalci.